Shekara huɗu ina amsa kiran ma'aikatan banki: in sa hannu a takardar ɗauri ko in tafi?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, shekarata 31, na karanta ilimin kwamfuta a jami'a. Tun 2021 nake aiki a Legas da wani babban kamfani da ke yi wa bankuna da kamfanonin sadarwa hidimar kwamfuta. Su suka ɗauke ni, su ke biyana, amma kullum a wani banki nake zama. In ma'aikacin reshe ya manta kalmar sirri, ko firinta ta ƙi, ko netwok ya ɗauke, ni ake kira, in buɗe tikiti, wato in rubuta matsalar a kwamfuta don a bi ta har a warware, abin da ya fi ƙarfina in tura gaba. Na fara da naira 180,000 a hannu, yanzu ina karɓar 280,000. Mako ɗaya a kowane wata aikin dare nake, kuma ba ni da ikon kashe waya ko ranar Lahadi. Sau uku ana auna aikinmu na shekara, a ce na yi ƙoƙari amma babu gurbi a sama. Ina da mata da 'ya ɗaya a ciki da falo a Agege, kuma duk wata ina aika wa gida wani abu.

Yanzu manajana ya ce za su tura ni kwas na tsaron intanet, amma sai na sa hannu cewa ba zan bar kamfanin ba har shekara biyu, in na bari in biya naira miliyan uku. Ana cikin haka sai wani ƙaramin kamfani a Abuja, da bai fi shekara uku da kafuwa ba, ya ce zai ba ni 450,000. Mahaifina ya ce kada in kuskura in bar babban wuri, shi shekara 35 ya yi a ma'aikata ɗaya. Matata kuma ta gaji da Legas, ta ce ba ta ganina sai ina barci. Na fara jin haushin kowa, har abokan da muka gama makaranta tare suka wuce ni ba na son ɗaga wayarsu. Yaya zan yi?

Wani ƙaninka, daga Legas

Wa alaikumus salam ƙanena. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma maganar ƙin ɗaga wayar abokai ce ta fi tsaya mini a rai, don ita ce ta nuna mini nauyin da kake ɗauke da shi kai kaɗai. Zan dawo kanta. Amma tun da fari ina so ka san cewa gajiyar da kake ji tana da dalili, kuma ba butulci ba ne mutum ya ce aikin da yake ci da shi ya fara cinye shi.

Mu fara da kuɗin. A takarda an ƙara maka fiye da rabin albashinka na farko, shi ya sa in ka yi ƙorafi wasu za su ce ka cika raki. To amma a 2021 dala ɗaya a farashin hukuma wajen naira 410 take, wato 180,000 ɗinka ta kusa dala 440. Bayan an saki naira kasuwa ta riƙa tsaida farashinta a Yunin 2023, har ta kai a 2024 dala ta haura 1,500, kuma a wannan farashi 280,000 ba ta kai dala 190 ba. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a Disambar shekarar, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mutumin da ke tasowa daga Agege zuwa wurin aiki kullum ba ya buƙatar a karanta masa wannan, aljihunsa ya riga ya faɗa masa. Na kawo alƙaluman ne don ka daina zargin kanka da rashin iya tattali.

Yanzu abin da nake ganin shi ne ginshiƙin matsalarka: yadda irin kamfaninku ke samun kuɗi. Ka san ɗan kwangilar da ke kai wa mai gini ma'aikata? An yi ciniki tun farko, lebura nawa, birkila nawa, kafinta nawa, kowane da farashinsa. Haka banki ya yi da kamfaninku. An rubuta cewa za a kawo mutum kaza a matakin farko, wanda kuke kira L1, kaza a matakan da ke sama da shi, wato L2 da L3, kowace kujera da kuɗinta, kuma yarjejeniyar kan ɗauki shekaru kafin a sake zama a kanta. Ribar kamfani ita ce tazarar da ke tsakanin abin da banki ya biya a kan kujerarka da abin da aka ba ka. Saboda haka ko kai ne gwanin L1 a duk Legas, kujerar tana da iyakar abin da za ta iya biya. Har ma ƙwarewarka kan zama dalilin barinka a wurin, don bankin ya saba da kai, ba a kawo ƙararka, tikitocinka na rufuwa cikin wa'adi, manaja kuwa ba ya son taɓa abin da ke tafiya daidai. In ya ce maka babu gurbi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai dai bai faɗa maka sauran ba: gurbin ba zai samu da haƙuri kaɗai ba. A irin wannan wuri albashi kan motsa sosai ne a lokaci biyu, ranar da mutum ya koma kujerar da ake caji da tsada, ko ranar da ya canza ma'aikata.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sa a lissafi. Aikin da kake yi yanzu shi ne wanda ya fi sauƙin miƙa wa na'ura. Tuni wurare da yawa ma'aikaci ke sake kalmar sirrinsa da kansa ta waya, manhajoji kuma na amsa tambayoyin da ake maimaitawa. Wannan kujera raguwa take yi. Don haka zama a kanta wasu shekara huɗun shi ne zaɓin da ya fi kowane haɗari, duk da shi ne ya fi kama da kwanciyar hankali.

Mu zo kan takardar ɗauri. Ba na ƙyamarta gaba ɗaya. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya horar da mutum yana da haƙƙin kada a kwashe ilimin a gudu washegari, kuma tsaron intanet fanni ne da bankuna ke nema da gaske, don Babban Bankin Najeriya ya ɗora musu ƙa'idojin tsaro, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. In an yi abin da gaskiya, wannan ce ƙofar da ka shekara huɗu kana jira. Amma yadda ka kwatanta ta, kai ne kaɗai aka ɗaure, su ba su ɗauki alkawarin komai ba. Kada ka sa hannu a haka.

Ka koma wurin manajanka cikin ladabi, ka gode masa da ya tuna da kai, sannan ka nemi a rubuta maka sunan kwas ɗin da ainihin kuɗinsa dalla-dalla. Ga dalili. Cikin sanannun jarrabawar samun satifiket a aikin kwamfuta, CCNA ta kamfanin Cisco dala 300 ce, ta AWS ta matakin Solutions Architect Associate dala 150, Security+ ta CompTIA kuma dala 400 da 'yan kai. Gaskiya ne akwai kwasa-kwasan tsaro da kuɗinsu ke kaiwa dubban daloli, in irinsu ne, miliyan uku ba ta yi yawa ba. In kuwa horon mako biyu ne a ɗakin taron kamfani da jarrabawar da ba ta kai naira 700,000 ba, to miliyan ukun hukunci ne kawai aka ɗora don tsoratarwa. Ka tambaya kuma ko satifiket ɗin da sunanka zai fito daga hukumar da ko'ina aka santa, don takardar da kamfani ya buga da kansa ba ta da daraja da zarar ka fita ƙofarsu. Sai ka nemi bashin miliyan ukun ya riƙa raguwa da tafiyar lokaci, wanda ya yi wata goma sha biyu cikin ashirin da huɗu ya biya rabi. Ka nemi a rubuta cewa in su ne suka sallame ka, ko kwangilar bankin ta ƙare, babu ko kwabo a kanka. Babbar buƙata kuma, wadda in babu ita sauran duk ado ne: a rubuta muƙamin da za a mayar da kai bayan ka ci jarrabawa, da sabon albashi, da watan da zai fara. In ba haka ba, za ka iya gama kwas ɗin ka koma amsa wayar firinta, da satifiket a jaka da miliyan uku a wuya, kuma a lokacin ba ka da bakin neman ƙari don sun san ba inda za ka.

Na taɓa zama a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani shekaru da suka wuce, kuma abin da na gani shi ne irin waɗannan takardu ana gyara su fiye da yadda ma'aikata ke zato. Yawanci mutane ba sa tambaya ne, suna tsoron a ce sun cika iyayi. Wanda ya zo da buƙatunsa a rubuce, ba hayaniya, sau da yawa har kimarsa ƙaruwa take yi a idon na sama. In ma an ƙi, ka sami amsar da ta fi kwas ɗin amfani, don ka gane abin da ake nufi da kai.

Kafin ka sa hannu a ko mene ne, ka kai wa lauya ya karanta, ko da za ka biya shi kuɗin zama ɗaya. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a ma'anarta ta ma'aikaci, ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru ba, don haka kai abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki shi ne babban abin dogaronka. Rikicin aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai shi, kuma kotun kan duba ko sharaɗin ɗauri ya dace da abin da aka kashe a kan mutum da tsawon lokacin da aka ɗaure shi, amma ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta fuskar addini ma, Musulmi yana kan sharaɗin da ya amince da shi. Kada wani ya ce maka ka sa hannu kawai, in ka samu wani wuri ka sulale. Abin da ba ka da niyyar cikawa kada ka ɗauke shi.

To Abuja fa? Naira 450,000 tana da daɗin ji, amma ka fara tambaya: kafin cire haraji da fansho ne, ko abin da zai shigo asusunka ke nan? Kai 280,000 ɗin da ka faɗa a hannu take, kada ka gwada mudu da tiya. Sannan ka cire kuɗin haya na shekara guda a dunƙule, da na dillali, da kuɗin kwasar kaya, ko a Kubwa ko Lugbe ko Mararraba za ku sauka. Ka bincika rajistar kamfanin a Hukumar Rajistar Kamfanoni, abu ne da ake yi a waya. Ka nemo mutum ɗaya da ke aiki a can da mutum ɗaya da ya bari, ka yi musu tambaya guda: a cikin shekarar da ta wuce, wata nawa albashi ya makara? Ka san su waye kwastomominsu, don ƙaramin kamfanin da ke rayuwa a kan kwangilar ma'aikatar gwamnati guda ɗaya, ranar da aka jinkirta biyansa ranar albashinku ya tsaya. Ka tambayi fansho: dokar 2014 ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10, a cire maka kashi 8, a tura asusunka cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Ka tambayi inshorar lafiya da za ta haɗa da matarka da 'yarka.

Abin da ya fi duk waɗannan a wurina shi ne irin aikin da za ka yi a can. In amsa waya ne dai da ƙarin kuɗi, to ka sauya gari ne kawai. In kuwa za a damƙa maka netwok ɗin kwastoma ka tsara shi, ka taɓa manyan na'urorin da hannunka, ka yi kuskure ka gyara, to shekara biyu a ƙaramin wuri na iya koya maka abin da babban wuri ya hana ka gani, domin a can babu wanda za ka tura wa tikiti, kai ne ƙarshe. Ka sa su rubuta maka ayyukan a takardar ɗauka, da tsawon watannin gwaji, da notis ɗin da kowane ɓangare zai bayar. Kuma kada ka ajiye aikinka sai takardar ta zo da sa hannu, kada ka saki reshe ka kama ganye.

Ga inda ni na karkata. In kamfaninku ya yarda ya rubuta muƙami da albashi da raguwar bashi, ka zauna ka yi kwas ɗin, shekara biyu a tsaron banki jari ne mai kyau. In sun ƙi, Abuja kuma ta tsallake binciken albashi da na irin aiki, ka yi istihara ka tafi, ka ba da cikakken notis, ka rabu da su lafiya, don duniyar aikin kwamfuta a ƙasar nan ƙarama ce, manajan yau za ka iya tarar da shi a teburin intabiyu gobe. In duka biyun sun gaza, ba ka rasa hanya ba. Ka zaɓi fanni ɗaya tak, netwok ko tsaro, ka ware wani abu duk wata har kuɗin jarrabawa ya taru, ka yi karatu a awannin dare da kira ke yin sauƙi. Ka roƙi 'yan L2 su bar ka ka zauna kusa da su in suna warware tikitin da ka tura, ka riƙa rubuta duk abin da ka gyara da kanka a wani littafi, shi zai zama abin faɗarka a intabiyu. Kada kuma ka manta da bankin da kake zaune a ciki. Sun san fuskarka da aikinka, sai dai ka duba takardarka ko akwai sharaɗin da ya hana ka koma wa kwastoma kai tsaye. Ka ba wannan hanya wata shida zuwa tara, ka rubuta ranar, kada ta zama wani jiran marar iyaka.

Baba kuma, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ya faɗin abin da bai sani ba. A zamaninsa wanda ya shiga ma'aikata ya riƙe ta, matakin albashi na hawa da shekaru, fansho na jira a ƙarshe. Tsoron da yake ji shi ne kada ya ga ɗansa da iyali a titi. Abin da bai gani ba shi ne girman kamfani mai zaman kansa ba ya ba ma'aikaci irin wannan inuwa. TCS ta Indiya, ɗaya daga cikin manyan masu irin sana'ar kamfaninku a duniya, mai ma'aikata wajen 600,000, ta sanar a Yulin 2025 cewa za ta rage kusan kashi 2 cikin ɗari, mutum wajen 12,000. Kada ka yi wannan magana da shi a waya kana gajiye. Zuwa da kai ya fi aike. Ka je Katsina ko da kwana biyu ne, ka zauna gabansa, ka ce Baba ga abin da nake samu, ga abin da nake kashewa, ga binciken da na yi, ina neman shawararka da albarkarka. In akwai wani kawu ko aminin Baba da ya yi aiki a kamfani, ka tafi da shi. Uba in ya ga ɗansa ya yi lissafi, ba zuciya ce ke jansa ba, yakan sassauto.

Matarka ba ta nemi abu mai yawa ba. Tana zaune a garin da ba nata ba, da ƙaramar yarinya, mijinta na dawowa ya faɗi kamar an sare shi. Ina zargin ba ka taɓa buɗe mata lissafin gaba ɗaya ba, kana ganin kare ta kake yi. Ka buɗe mata. Ka nuna mata hanyoyin nan uku da ranar da ka sa wa kowace, ka tambaye ta wacce za ta iya jurewa. Ka gaya mata gaskiya cewa Abuja ta fi kusa da gida amma ƙaramin kamfani ma yana iya cinye lokacinka, musamman a watannin farko, don kada ta sa ran abin da ba ka da tabbacinsa. Kafin komai ya canza kuma, akwai abin da za ka iya nema tun yanzu: a raba kiran ƙarshen mako tsakaninku bisa jadawali, kowa ya san Lahadin da wayarsa za ta huta, a kuma ba da hutu bayan makon dare. Wannan buƙata ta fi ƙarfi in ku uku ko huɗu kuka kai ta tare a rubuce. Rashin barci na shekaru yana taɓa hawan jini da haƙurin mutum, kuma wani kaso na haushin da kake ji daga nan yake. Ka je a auna jininka.

Sai abokanka. Na fahimci abin da ke hana ka ɗaga wayar, kana jin za a tambaye ka ina aka kwana, ba ka da sabon labari. Amma ka duba, su ne mutanen da suka san kamfanin da ke neman ma'aikaci kafin a tallata, su ne za su iya gaya maka ko 450,000 farashin kirki ne a irin aikin, wataƙila ma ɗayansu ya san wani da ya yi aiki a kamfanin Abujan. Da yawansu sun zauna a kujerar da kake kai, sun san zafinta. Ka zaɓi guda ɗaya da ka fi sakewa da shi ka kira shi a makon nan, ka faɗa masa halin da kake ciki yadda ka faɗa mini.

A makon nan kuma ka nemi bayanin asusun fanshonka daga kamfanin da ke kula da shi, ka tabbatar duk watannin shekara huɗun nan an zuba, don in akwai giɓi gara ka bi shi tun kana ciki. Ka karɓi kwafin takardar ɗaurin ka zo da ita gida, kada ka yarda a ce sai dai ka karanta a ofis. In ka samu, ka goge sunan kamfanin da naka ka turo mini sharuɗɗan, mu duba su tare kafin ka je wurin lauya. Ka gaida mini maiɗakinka da 'yar tamu, Allah ya zaɓa maka mafi alheri.